Tesseract (manhajar gane rubutu)

Tesseract manhaja ce ta kwamfuta da ke karanta rubutun da ke cikin hoto, ko cikin takardar da aka ɗauka da na'urar sikana, ta mayar da shi rubutun da za a iya gyarawa, a kwafa, ko a nemi kalma a cikinsa. Tana cikin rukunin manhajojin da ake kira OCR, taƙaitaccen sunan Turanci na Optical Character Recognition, wato gane haruffa ta hanyar gani. Kamfanin Hewlett-Packard ne ya ƙirƙire ta tsakanin 1985 da 1994, aka sake ta ga jama'a kyauta a 2005, sannan kamfanin Google ya ɗauki nauyin bunƙasa ta daga 2006 zuwa 2018. A yau masu aikin sa kai ne ke kula da ita. Tana gane rubutu a harsuna sama da 100, kuma tana aiki a kan Linux da Windows da macOS. An sake ta ƙarƙashin lasisin Apache 2.0, wanda ya bai wa kowa damar amfani da ita, ko sauya ta, ko saka ta cikin manhajarsa ta kasuwanci ba tare da biyan kuɗi ba.

Aikin da take yi

Idan aka ɗauki hoton shafin littafi, abin da kwamfuta ke ajiyewa tarin ƙananan ɗigogi ne masu launi, waɗanda ake kira fiksel. Mutum na iya karanta shafin a fuskar kwamfuta, amma ita kwamfutar ba ta san akwai kalmomi a ciki ba. Saboda haka ba za a iya neman suna a cikin shafin ba, ba za a iya gyara kuskure ba, kuma manhajar da ke karanta wa makafi rubutu da murya ba za ta iya furta komai ba. Aikin Tesseract shi ne ta dubi waɗannan ɗigogi, ta gano inda layuka da kalmomi suke, ta bai wa kowane harafi lambarsa ta tsarin Unicode, wato tsarin da kwamfutocin duniya suka amince da shi wajen ajiye haruffan harsuna. Daga nan rubutun ya zama daidai da wanda aka buga da hannu a kan kwamfuta.

Tesseract inji ne kawai, ba ta zo da tagogi da maɓallan da ake latsawa ba. Ana ba ta umarni a rubuce, ko kuma wata manhaja ta kira ta a ɓoye. Wannan ya sa mutane da yawa ke cin moriyarta cikin wasu manhajoji ba tare da sun taɓa jin sunanta ba.

Tarihi

Kafin Tesseract

Yunƙurin sa na'ura ta karanta rubutu ya girmi kwamfuta. A 1929 Gustav Tauschek, ɗan ƙasar Ostiriya, ya sami takardar mallakar fasaha a Jamus a kan wata na'ura da ke gane harafi ta hanyar gwada shi da zanannun siffofi. A farkon shekarun 1950 David Shepard ya ƙera wata na'urar karatu a Amurka mai suna Gismo, ya kuma kafa kamfani don sayar da irinta. Na'urorin wancan zamani salon haruffa ɗaya ko biyu kawai suke ganewa, shi ya sa aka ƙirƙiro salo na musamman domin su, kamar OCR-A da OCR-B na shekarun 1960. Adrian Frutiger, ɗan ƙasar Suwizalan, shi ya zana OCR-B, kuma har yau da shi ake buga layukan nan biyu da ke ƙasan shafin hoto na fasfo.

A 1976 Ray Kurzweil ya gabatar da na'urar da ke karanta wa makafi littafi da murya, wadda ke gane rubutu a salon haruffa iri-iri. Daga nan masu bincike suka karkata ga manhajar da za ta karanta duk abin da aka buga, ko da wane salo ne.

A kamfanin Hewlett-Packard

Tesseract ta samo asali ne daga binciken digirin digirgir da Ray Smith ya yi a ɗakin binciken Hewlett-Packard da ke birnin Bristol na Ingila. Daga baya aikin ya zama na haɗin gwiwa da sashen na'urorin sikana na kamfanin da ke Greeley, a jihar Colorado ta Amurka. Manufar ita ce a haɗa manhajar da na'urorin sikana da kamfanin ke sayarwa, domin manhajojin kasuwa na lokacin suna kasa karanta duk bugun da bai fita tsaf ba. Sunan kuwa an aro shi ne daga fannin lissafi, inda yake nufin wata siffa mai kama da akwati amma mai ma'auni huɗu maimakon uku.

A 1995 an shigar da ita gwajin shekara-shekara da Jami'ar Nevada da ke Las Vegas ke yi wa manhajojin OCR, ta kuwa fito cikin uku mafi daidaito wajen gane haruffa. Duk da haka kamfanin bai taɓa fitar da ita kasuwa ba. An yi mata 'yan gyare-gyare a 1996 don ta yi aiki a kan Windows, sannan a 1998 aka mayar da wani ɓangarenta zuwa yaren kwamfuta na C++. Bayan wannan sai aka jingine ta na shekaru.

Sakinta ga jama'a

A 2005 Hewlett-Packard da Jami'ar Nevada suka saki ainihin rubutun umarnin da aka gina manhajar da shi, yadda kowa zai iya dubawa ya gyara. A 2006 Google ya fara ɗaukar nauyin aikin, Ray Smith ya ci gaba da jagorantarsa. A lokacin Turanci kaɗai take ganewa, kuma ba ta iya rarrabe sassan shafi. Manyan sauye-sauyen da suka biyo baya su ne:

Siga ta 2, a 2007, ta ƙara harsunan Yammacin Turai kamar Faransanci da Jamusanci da Italiyanci da Sifaniyanci, ta kuma ba da damar horar da ita a kan sabon harshe.

Siga ta 3, a 2010, ta zo da nazarin tsarin shafi da ƙarin harsuna masu yawa, ciki har da Sinanci da Japananci. An ƙara Larabci a siga ta 3.01 a 2011.

Siga ta 4, a watan Oktoba na 2018, ta zo da sabon injin ganewa mai koyo daga misalai, wanda ake kira LSTM.

Siga ta 5, a watan Nuwamba na 2021, ta ƙara sauri wajen horarwa da ganewa, ta kuma kawo sabbin hanyoyin tace hoto.

Tun 2015 aikin ya koma dandalin GitHub. Bayan Ray Smith, Stefan Weil na ɗakin karatun Jami'ar Mannheim da ke Jamus ya zama jagoran masu haɓaka ta, kuma ɗakin karatun ne ke fitar da fayil ɗin da masu Windows suka fi amfani da shi wajen saka ta.

Yadda take aiki

Shirya hoto

Matakin farko shi ne mayar da hoto baƙi da fari zalla: kowane fiksel ya zama ko tawada ko takarda. Tesseract ta daɗe tana amfani da hanyar Otsu, wadda ke zaɓar ma'aunin haske guda ta raba ɗigogin gida biyu. Hanyar tana aiki sosai idan haske ya daidaita a shafin, amma idan inuwa ta rufe wani gefe, rubutun wannan gefen na iya nutsewa cikin baƙi. Saboda haka siga ta 5 ta ƙara hanyar Sauvola, wadda ke auna kowane yanki na shafi da kansa. Karanta fayilolin hoto irin su PNG da JPEG da TIFF, da yawancin aikin tacewa, wata manhaja ce mai suna Leptonica ke yi mata.

Nazarin shafi

Bayan haka sai ta raba shafin: ina rubutu, ina hoto, ina layin ado. A shafin jarida da aka tsaga gida uku ko huɗu daga sama zuwa ƙasa, dole ta gane iyakar kowane tsagi, in ba haka ba za ta haɗa layin wannan labari da na wancan. Daga nan ta fitar da layuka ɗaya bayan ɗaya. Tana kuma iya gano ko an juya shafin, da irin rubutun da ke cikinsa, na Latin ne ko na Larabci ko waninsu.

Tsohon inji

Injin da aka gina a Hewlett-Packard harafi-harafi yake bi. Yana bin gefen kowane dunƙulen tawada ya fitar da siffarsa, ya gwada ta da siffofin da aka koya masa. Idan haruffa biyu sun manne sai ya gwada yanka su, idan harafi ya karye sai ya gwada haɗa gutsuren. Sau biyu yake bin shafi: a zagaye na farko yana koyon kamannin haruffan shafin daga kalmomin da ya tabbatar da su, a na biyu ya koma kan waɗanda suka ba shi wuya. Wannan tsari ya dace da rubutun da haruffansa ke rarrabe, amma yana shan wahala da Larabci da rubuce-rubucen Indiya, inda haruffa ke sarƙe da juna.

Sabon inji

Injin LSTM layi guda yake ɗauka gaba ɗaya, ya bi shi daga farko zuwa ƙarshe, yana riƙe da abin da ya gani a baya da abin da ke gaba kafin ya yanke hukunci a kan kowane harafi. Ba ya bukatar a yanka masa haruffa tukuna. LSTM wani nau'i ne na tsarin lissafi mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa, wanda Sepp Hochreiter da Jürgen Schmidhuber suka gabatar a 1997. Ana horar da shi ta hanyar nuna masa hoton layi tare da rubutunsa na daidai, sau dubbai, yana gyara kansa duk lokacin da ya kuskure. Bayanan manhajar sun nuna cewa an horar da harsunan da ke amfani da haruffan Latin da layuka kimanin 400,000 a salon haruffa kimanin 4,500. Har yanzu tsohon injin na nan, ana iya zaɓarsa da wasu fayilolin harshe.

Yadda ake amfani da ita

Umarni mafi sauƙi shi ne:

tesseract shafi.png sakamako -l eng

Wannan zai karanta hoton shafi.png da fayil ɗin Turanci, ya ajiye rubutun a sakamako.txt. Idan takarda ta ƙunshi harsuna biyu ana haɗa su, misali eng+fra don Turanci da Faransanci. Akwai hanyoyi 14 na raba shafi, masu lamba 0 zuwa 13. Ta 3 ce take ɗauka idan ba a zaɓa mata ba, ta 6 tana ɗaukar hoton a matsayin dunƙulen rubutu guda, ta 7 kuma layi guda.

Bayan rubutu zalla, tana fitar da hOCR da ALTO da TSV, waɗanda ke nuna matsayin kowace kalma a shafi da yawan tabbacin da take da shi a kanta. Tana kuma fitar da PDF wanda ke nuna hoton asali amma da rubutu a ɓoye a ƙarƙashinsa, yadda mai karatu zai ga shafin kamar yadda aka buga shi kuma ya iya neman kalma. Ita kanta ba ta karanta fayil ɗin PDF kai tsaye, sai an mayar da shafukan hotuna. Manhajar OCRmyPDF na yin wannan aiki. Ga wanda bai saba da rubuta umarni ba akwai gImageReader da OCRFeeder da VietOCR, masu tagogi da maɓallai. Masu rubuta manhaja kuwa suna amfani da pytesseract a yaren Python, ko Tesseract.js da ke aiki cikin burauza.

Abubuwan da ke shafar sakamako

Ingancin hoto shi ne kan gaba. Ana ba da shawarar a ɗauki shafi da aƙalla ɗigo 300 a kowane inci. Idan tsayin ƙananan haruffa kamar a da n bai kai fiksel 10 ba, daidaito yana faɗuwa sosai. Shafin da ya karkace yana rikita gano layuka. Hoton da aka ɗauka da waya yakan zo da inuwa da lanƙwasar takarda kusa da ɗinkin littafi. Tsofaffin takardu suna da nasu matsalolin: tawadar bayan shafi da ta ɓullo, cin gara, tabon ruwa, da haruffan tafireta da suka dushe. Daga siga ta 4, baƙin rubutu a kan farar takarda ya fi ba da sakamako mai kyau fiye da farin rubutu a kan baƙi.

Ana auna daidaito da yawan haruffan da aka kuskure cikin ɗari. Adadin na iya yaudara: shafi mai haruffa 2,000 da aka karanta da daidaiton kashi 99 cikin ɗari yana ɗauke da kurakurai 20, kuma littafi mai irin wannan shafi 200 zai tara 4,000. Kuskure guda a lambar asusu, ko kwanan wata, ko adadin magani ya isa ya jawo ɓarna. Don haka a takardun shari'a da na kuɗi da na asibiti, sai mutum ya bi sakamakon ya gwada shi da asali.

Harsuna

Kowane harshe yana da fayil ɗinsa, wanda ya ƙunshi jerin haruffan da aka yarda manhajar ta fitar, da abin da ta koya a horo, da jerin kalmomin harshen. Akwai rukunin fayiloli masu sauri, da rukunin waɗanda suka fi daidaito amma suka fi cin lokaci. Jerin kalmomin yana taimaka mata ta zaɓi kalmar da ta fi dacewa idan hoto bai fita ba, sai dai yana iya cutarwa a rasit ko jerin lambobi, inda ake iya kashe shi. Daga cikin harsunan da ake magana da su a Afirka, fayilolin da masu manhajar suka fitar sun haɗa da Larabci da Amharik da Tigrinya da Swahili da Yarbanci da Afrikaans.

Tesseract da rubutun Hausa

Hausa ba ta cikin jerin harsunan da aka fitar wa fayil a hukumance. Wannan yana da tasiri kai tsaye, domin manhajar ba ta iya fitar da harafin da babu shi a jerin haruffan fayil ɗin da aka zaɓa. Idan aka karanta shafin Hausa da fayil ɗin Turanci, haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da kuma ƴ da ake rubutawa a Nijar, za su koma b da d da k da y, ko wata alama mai kama da su. Ma'ana na sauyawa da wannan: ƙafa ta zama kafa, baƙi ya zama baki, ɗoki ya zama doki. Mai neman kalmar ƙasa a cikin irin wannan rubutu ba zai same ta ba, ko da ta zo sau ɗari. Alamar da ke gaban y a kalmomi kamar 'ya'ya ita ma takan ɓace, ko ta rikiɗe ta zama alamar zance. Wasu tsofaffin littattafai kuma, na kafin a tsayar da haruffa masu lanƙwasa a shekarun 1930, sun yi amfani da ɗigo a ƙarƙashin harafi, wanda manhaja ke iya ɗauka a matsayin datti ta share.

Lamarin ya shafi ɗimbin abin da aka buga da Hausa kafin zuwan kwamfuta, kamar jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a Zariya a 1939, da littattafan makaranta, da ƙananan littattafan hikaya na kasuwar Kano. Muddin hoto kawai aka ɗauka, ana iya adana su amma ba a iya bincike cikinsu. Tun da manhajar a buɗe take, ana iya ɗaukar fayil ɗin wani harshe mai haruffan Latin a ƙara masa horo da layukan Hausa da aka rubuta daidai, tare da ƙara haruffa masu lanƙwasa a jerinsa. Masu manhajar sun tanadi kayan wannan aiki da sunan tesstrain.

Ajami ya fi boko wuya. Mafi yawansa rubutun hannu ne da salon Magribi da aka saba da shi a Afirka ta Yamma, ɗauke da wasula, da wasu alamomin da aka ƙara don sautukan da babu a Larabci. Fayil ɗin Larabci na Tesseract kuwa a kan bugun injin ɗab'i aka horar da shi. Masu aikin tsofaffin rubuce-rubucen hannu sun fi karkata ga manhajoji kamar Transkribus da Kraken, waɗanda ake horarwa a kan hannun marubuci ko salon wani zamani.

Inda ake amfani da ita

Ɗakunan karatu da na adana tarihi suna amfani da ita wajen mayar da tsofaffin littattafai da jaridu abin da za a iya bincikawa. Rumbun Internet Archive ya koma amfani da ita wajen karanta littattafan da yake ɗauka, bayan ya daɗe yana amfani da manhajar kasuwanci ta ABBYY. Tana kuma cikin injinan da Wikisource ke bai wa masu aikin sa kai don fitar da rubutun shafi kafin su gyara shi da hannu. Kamfanoni suna saka ta cikin tsarin karanta rasit da fom da takardun kaya. Wata fa'idarta ita ce ba ta bukatar intanet, saboda haka takardar sirri ba sai ta bar kwamfutar mai ita ba, kuma ana iya aiki da ita a inda sadarwa ke da tsada ko rauni.

Iyakokinta

An gina Tesseract ne don bugaggen rubutu, ba ta da ƙarfi a kan rubutun hannu. Jadawali mai layuka da yawa, da lissafi mai alamomi a sama da ƙasa, da rubutun allon talla ko na jikin mota, duk suna ba ta wahala idan ba a gyara hoton tukuna ba. Ba ta dawo da tsarin shafi kamar yadda yake cikin fayil ɗin Word, aikin da manhajojin kasuwanci irin su ABBYY FineReader da OmniPage da Adobe Acrobat suka ƙware a kai. Akwai kuma hidimomin intanet kamar Google Cloud Vision da Amazon Textract, da buɗaɗɗun manhajoji na baya-bayan nan kamar EasyOCR da PaddleOCR, waɗanda sukan fi ta a hotunan waya. Inda Tesseract ta fi tasiri shi ne bugaggun shafuka masu yawa, da kuma harsunan da kamfanoni ba su ga riba a cikinsu ba, domin masu harshen na iya horar da ita da kansu su raba wa kowa fayil ɗin.